Uwargida, Tunda Kin Baro Legas, Ƙorafin Na Mene Ne?



Ki tuna gidan biki ko gidan suna na ƙarshe da kika je. Da wuya a ce ba ki ga wata baiwar Allah da ta baje a tsakiyar mata tana ba da labarin Legas ba. Da an ce kayan miya sun yi tsada, sai ta ce ai ku ba ku ga tsada ba. Da wata ta yi kukan cunkoson hanya, sai ta ce wannan ai wasan yara ne. Daga nan sai ta gangaro kan masu gidajen haya, da 'yan kamasho, da gwamnatin da ta ce ba ta ƙaunar ɗan Arewa, ta rufe da cewa ita dai ko a mafarki ba ta fatan sake taka garin. Wata shekararta biyu da dawowa, wata shekara goma sha biyar, amma zancen bai canza ba. Wataƙila ƙanwarki ce, wataƙila matar wanki, wataƙila kuma ke ce da kanki.

Irin waɗannan mata suna da yawa a Kano, da Katsina, da Sakkwato, da Zariya, da Gusau, domin kuwa zaman Bahaushe a Ikko ba yau ya fara ba. Fataucin goro da na shanu ne ya kafa zangon Hausawa a Agege, layin dogo kuma da ya iso Kano a 1911 ya ƙara sauƙaƙa zirga-zirga tsakanin Kurmi da Arewa. Daga baya aka cika Idi-Araba, da Obalende, da Mile 12, da Alaba Rago. Akwai gidajen da kaka, da uwa, da jika duk a can aka yanke musu cibi. Wasu sun dawo bayan an mayar da babban birnin tarayya Abuja a Disambar 1991, wasu rikici ne ya koro su, wasu kuwa aljihu ne ya gaza.

A wannan wata za mu duba ƙorafin nan ne ɗaya bayan ɗaya, mu ga gaskiyar da ke cikinsa, sa'annan mu duba abin da yake jawowa a cikin gida idan ya zama abin tasbihi safe da yamma.

Maganar tsada

Ruwa ba ya tsami banza. Duk wadda ta yi zaman haya a Legas ta san cewa kuɗin gida shi ne ciwon da ya fi kowane ciwo. Kafin a miƙa wa maigida makulli sai ya biya kuɗin shekara, wani wurin na shekara biyu, ga la'adar dillali, ga kuɗin rubuta yarjejeniya, ga wanda ake ajiyewa ko za a lalata wani abu. Ɗakin kuma sau da yawa ciki ɗaya ne ko ciki da falo, a irin gidan nan mai ɗakuna suna kallon juna, ban-ɗaki ɗaya, madafa ɗaya, iyalai takwas ko goma. Ga mace mai kulle, wadda ta tashi a gida mai zaure da tsakar gida, wannan kaɗai ya isa jarrabawa.

Abin ya kai har gwamnatin Babatunde Fashola ta yi dokar haya a 2011, wadda ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara guda daga sabon ɗan haya. Sai dai dokar ta cire wasu unguwannin masu hali kamar Ikoyi, da Victoria Island, da Apapa, kuma a inda masu neman ɗaki suka fi ɗakunan yawa, mai gida ne ke da wuƙa da nama. Wanda ya samu ya sayi fili ma bai huta ba, saboda 'yan ƙasa masu cewa filin na kakanninsu ne, waɗanda ake kira omo onile, suna iya tsayawa a kan sai an sallame su lokacin aza tubali, a sake sallamarsu lokacin rufi.

Sai kayan miya. Tumatir, da attaruhu, da albasar da ake sauke wa a kasuwar Mile 12, mafi yawansu daga Arewa suke tafiya, tafiyar kusan kilomita 1,000 daga Kano. Kuɗin mota, da na shingayen hanya, da asarar abin da ya ruɓe, duk a kan kwandon ake ɗora su, kuma uwargida ce ke biya a ƙarshe.

Amma idan za a faɗi, a faɗi gaskiya. Ba komai ne ya fi tsada a can ba. Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, farashin farko da kamfanin mai na ƙasa ya sanya shi ne Naira 488 kowace lita a Legas, Naira 537 a Abuja, Naira 557 a Maiduguri, saboda a bakin teku ake sauke man. A 2024 kuma Legas ta sanya mafi ƙarancin albashinta Naira 85,000, Kano ta sanya Naira 71,000. Wato inda ake kashe kuɗi da yawa, a nan ne kuma ake samunsu da yawa, shi ya sa har gobe motoci ke kwasar matasanmu zuwa can.

Maganar cunkoso

Nan ma ba ƙarya aka yi wa Legas ba. Ita ce jihar da ta fi kowace ƙanƙanta a faɗin ƙasa a Nijeriya, wani kaso mai yawa na filinta kuma ruwa ne. A ƙidayar 2006 an ba Kano mutum miliyan 9.4, aka ba Legas miliyan 9.1, gwamnatin Legas ta ƙi amincewa, ta ce mutanenta sun haura miliyan 17. Ko da lissafin farko aka ɗauka, ki tuna cewa faɗin jihar Kano ya ninka na Legas fiye da sau biyar. Kamar a kwashe mutanen gida mai sassa shida ne a zuba su a sashe guda.

Sakamakon haka kowace matar aure da ta zauna can ta ɗanɗana shi. Maigida ya fita tun kafin asuba don ya riga gosulo, wani lokaci a hanya zai yi sallah, ba zai dawo ba sai yara sun yi barci. Gadar Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 12, wadda aka buɗe a 1990 don ta rage cunkoso, ita ma kanta cika take yi. Damina ta zo, kwatoci su toshe, ruwa ya shigo ɗaki, a ɗora katifa a kan tebur. Mai naƙuda cikin dare kuwa sai dai addu'a. An kawo manyan motocin BRT a 2008, jirgin ƙasa na cikin gari ya fara aiki a 2023, layi na biyu wanda ya ratsa Agege ya biyo baya a 2024, amma jama'a ba su daina kwararowa ba.

Maganar siyasa

Wannan ita ce ta fi zafi, domin a cikinta akwai jini da hawaye. A Nuwambar 1999 an yi rikici a Ketu da Mile 12. A Fabrairun 2002 aka yi na Idi-Araba, kwanaki kaɗan bayan fashewar rumbun makamai na barikin Ikeja a ranar 27 ga Janairu. A Maris ɗin 2016 Mile 12 ta sake kamawa har aka rufe kasuwar na wani lokaci. An rasa rayuka, an ƙona gidaje da shaguna, mata sun kwana a bariki da goyo a baya. Wadda ta ga wannan da idonta babu mai ikon ce mata ta manta.

Sai batun acaɓa, sana'ar da dubban 'yan Arewa ke ci da iyalansu da ita. Dokar hanya ta 2012 ta hana babura bin tituna 475. A Fabrairun 2020 gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta faɗaɗa hanin, a ranar 1 ga Yunin 2022 kuma ta haramta sana'ar gaba ɗaya a ƙananan hukumomi shida, daga baya ta ƙara huɗu. An kama babura da yawa an niƙe su. Kafin nan, a Agustan 2019, an tsare wasu mutum 123 'yan Jigawa da suka shigo da baburansu a cikin babbar mota, aka sake su bayan ba a same su da laifi ba. Gwamnati ta ce haɗurra da tsaro ne dalilinta, masu sana'ar kuwa suna ganin da su ake.

Akwai kuma batun hijabi, wanda ya shafe mu kai tsaye. An hana ɗalibai mata sanya shi a makarantun gwamnatin jihar, babbar kotu ta goyi bayan hanin a 2014, kotun ɗaukaka ƙara ta soke shi a 2016, sai a ranar 17 ga Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa 'ya'yan Musulmi 'yancinsu. A nan akwai abin lura, uwargida. Waɗanda suka ɗauki nauyin wannan shari'a shekara da shekaru 'yan'uwanmu Musulmi ne na can, ƙarƙashin Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Nijeriya, wadda ita ma a Legas aka kafa ta a 1954. Masallacin Shitta-Bey yana tsaye tun 1894, ƙungiyar Ansar-ud-Deen tun 1923. Idan kika ce “mutanen Legas” kika zage su a dunƙule, har da waɗannan kika haɗa.

To a gida fa?

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. An hana acaɓa a tsakiyar Abuja tun 2006. Kano ta hana goyo a babur a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Alhaji Ado Bayero, dubban magidanta suka koma neman abin yi. Rusau ma mun gani a Kano a Yunin 2023. Ki bi ta Kurna, ko Kantin Kwari, ko 'Yankura da yamma, ki gaya min ko gosulo na Legas ne kaɗai. Ki tambayi mai neman gidan haya a Kaduna ko a kewayen Abuja yadda ya kwana. Mata da yawa sun yi gudun gara sun faɗa gidan zago, amma kunya ba za ta bar su su faɗa ba, sai su ci gaba da zagin inda suka baro don su lallashi zuciyarsu cewa dawowar ta yi riba.

Ki kuma sani, a daidai lokacin da kike ba da labarin Idi-Araba, akwai wata Bayarabiya ko Inyamura da aka haifa a Sabon Garin Kano, tana zaune a Ibadan ko Anaca, tana ba 'ya'yanta labarin abin da ya faru a Kano a 1999 ko 2004. Yadda ba za ki so ta yi wa Kanawa kuɗin goro ba, haka su ma na can ba za su so ba.

Wa ke sauraronki?

Na farko 'ya'yanki. Yaron da aka haifa a Agege, can ya fara tafiya, can ya fara makarantar allo, can abokansa suke. An dawo da shi Arewa, Hausarsa ba ta nuna ba, Yarbanci ya fi kama bakinsa, yara a unguwa suna tsokanarsa da “ɗan Legas”. Ya shigo gida yana neman mafaka, sai ya tarar da mahaifiyarsa tana cewa babu abin kirki a garin da shi kaɗai ya sani. Me kike so ya ɗauka game da kansa? Wani yaron sai ya daina Yarbancin don kunya, ya yi asarar harshen da gobe zai iya ci da shi a kasuwa ko a wurin aiki. Wani kuma ya yi shiru, ya ƙudurta a ransa cewa da ya girma zai koma, ba tare da shawararki ba. Wanda ya fi muni shi ne wanda zai tashi da ƙiyayyar wata ƙabila gaba ɗaya, alhali bai san komai a kanta ba sai abin da ya ji a bakinki.

Na biyu maigida. Gidaje da yawa iyali ne kawai suka dawo, shi yana can a Mile 12, ko mayankar Oko-Oba, ko bakin tashar jiragen ruwa ta Apapa, yana kwana a shago ko a masallaci don ya tara abin da zai aiko. Ya bugo waya ya ji lafiyarku, sai ki tare shi da “wai har yanzu kana wannan ƙazamin garin?” Shinkafar da ke kan wuta da kuɗin ƙazamin garin aka auno ta. Namiji ba zai ce miki komai ba, amma yana ji a ransa cewa an raina guminsa. Idan kuma shi ne ya yanke shawarar dawowa bayan kasuwa ta karye, duk ranar da kika tayar da zancen kina fama masa miki ne.

Na uku 'yan'uwan da suka rage a can. Ƙanwarki da ke aure a Idi-Araba ba ta da ikon tashi, can Allah Ya ajiye abincin mijinta. Ta zo ganin gida sau ɗaya a shekara, maimakon ta samu kwanciyar hankali sai ta koma da nauyin zuciya, ta fara ganin baƙin mijinta. Magana zarar bunu ce. Aure nawa ne ya fara tangal-tangal daga irin wannan hira ta tsakar gida?

Na huɗu ke kanki. Wadda kullum hankalinta ke kan inda ta baro, ba ta gama sauka a inda ta zo ba. Shekara biyar ba ta shiga Islamiyyar unguwa ba, ba ta shiga adashi ba, ba ta kama sana'a ba, maƙwabta kuma sun fara gudun zamanta domin sun haddace karatun.

Darasi daga Hijira

Babu wanda aka cuta a garinsu kamar yadda aka cuci Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, a Makka. An ƙaurace wa danginsa, an azabtar da sahabbansa, an ƙulla kashe shi. Duk da haka, da zai fita, ya bayyana ƙaunarsa ga garin, ya nuna cewa ba don an fitar da shi ba da bai fita ba. Ya bambance tsakanin garin da masu zalunci a cikinsa. Bai tafi ba kuma sai da ya bar Sayyidina Ali (R.A) ya mayar wa mutanen Makka ajiyoyinsu.

Da suka isa Madina, zazzaɓi ya kama Sayyidina Abubakar da Bilal (R.A), begen Makka ya taso musu. Nana A'isha (R.A) ta kai labari, sai Manzon Allah (S.A.W) ya roƙi Allah Ya sanya musu son Madina kamar son Makka ko fiye, Ya ba garin lafiya, Ya yi albarka a mudunsa da sa'insa. Ki duba, uwargida, har ma'aunin kasuwa sai da aka roƙa wa albarka. Abdurrahman bin Auf (R.A) kuwa da isarsa hanyar kasuwa ya tambaya. Wannan shi ne tsarin wanda ya yi ƙaura: ya sauke haƙƙin inda ya baro, ya yi addu'a ga inda ya sauka, ya tashi ya kama nema.

Abin da ya kamata ki yi

Ba a ce ki yi ƙarya ba, ba a kuma ce ki ɓoye abin da ya same ki ba. Idan za ki ba yara labarin rikici, ki jira su yi hankali, ki faɗi abin da ya faru da waɗanda suka aikata, kada ki ɗora wa ƙabila gaba ɗaya. Idan akwai maƙwabciyar da ta ɓoye ku, ko mai gidan da ya ɗaga muku ƙafa wata uku, ko malamar asibitin da ta karɓi haihuwarki cikin mutunci, ki sanya su a labarin, domin su ma Legas ne.

Ki lissafa abin da kika dawo da shi. Wata a can ta koyi saye da sayarwa, wata ɗinki, wata girke-girken da yau take sayarwa, wata a can maigida ya tara kuɗin filin da kuke ciki, wata da kuɗin can ta sauke farali. Wanda bai gode wa mutane ba, bai gode wa Allah ba, kuma ba a jifan rijiyar da aka sha ruwanta.

Ki sauke haƙƙoƙin da kika baro: bashin mai shago, zubin adashin da bai zagayo ba, kayan aron maƙwabta. Ki adana takardun haihuwar yara da na makarantarsu, ki tuna wa maigida ya nema musu takardar shaidar ƙaramar hukumarsu ta asali tun kafin lokacin neman gurbin karatu ya zo. Ki nemi a sauya miki wurin zaɓe zuwa inda kike yanzu, tunda mai ƙorafin siyasa da ba ta da ƙuri'a a inda take zaune, iska kawai take bugu.

Idan kuma wata ta zo neman shawararki, ko amaryar da za a kai Legas, ko wadda mijinta ke tunanin dawowa, to nan ne iliminki zai yi amfani. Ki gaya mata unguwar da ruwa ke ci, da yadda ake mu'amala da dillalan gida, da inda Islamiyya take, da abin da mudu yake a can da nan. Wadda za ta dawo kuma ki tambaye ta: da me maigida zai riƙe gida idan an zo? Akwai wurin zama, ko ɗakin uwar miji za a sauka? Yara za su samu makaranta a tsakiyar zango? Wannan ita ce nasiha, kuma ta fi “ki gudu” ko “kada ki je” amfani nesa ba kusa ba.

Ke kuma da ba ki taɓa zama can ba, idan irin wannan 'yar'uwa ta fara, kada ki gwasale ta. Sau da yawa mai yawan zagin wuri kewarsa ce ke cinta, ko wani tsoro da bai sake ta ba. Ki saurare ta, sa'annan ki tambaye ta abin da ta fi kewa a can. Za ki sha mamakin yadda fuskarta za ta sake, ta fara ba ki labarin ƙawayenta na gidan haya, da yadda ake hidimar azumi a zango. Daga nan ki ja ta zuwa Islamiyyarku, ki sanya ta a adashinku.

Ƙasa duk ta Allah ce, arziki kuma Shi ke raba shi inda Ya so. Allah Ya tsare mazajenmu da 'ya'yanmu da ke neman halali a Kurmi da ko'ina, Ya sanya albarka a garuruwan da muka sauka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, idan Allah Ya kai mu.